Google Maps, Mapbox ko OpenStreetMap, wanne za ka ɗora a shafinka?

Yawancin masu haɗa shafin yanar gizo in suka zo kan maganar taswira tambayar farko da suke yi ita ce wanne ya fi araha, ni kuma a ganina ba daga nan ya kamata a fara ba. Abin da ya kamata ka fara tambayar kanka shi ne, waɗannan lambobin latitud da longitud da za ka samo daga adireshin mutane, ajiye su za ka yi a rumbun bayananka ko kuwa nunawa kawai za ka yi sau ɗaya su wuce? Amsar nan ita kaɗai tana iya kore maka rabin kamfanonin tun kafin ka buɗe shafin farashinsu, don kuɗi dai in ya yi yawa za ka iya ragewa da dabara, amma sharaɗin da ka danna ka amince da shi ba ka da yadda za ka yi da shi.

Bari mu fara rarrabe abubuwan tukuna don mutane suna cakuɗa su sosai. In ka ga taswira a shafi abu uku ne suka haɗu. Akwai laburaren JavaScript wanda shi ne yake zana taswirar a buroza yake ba ka damar ja da zuƙowa da kafa alama, irin su Leaflet da MapLibre da OpenLayers. Akwai kuma tayil-tayil ɗin taswirar kansu, wato gutsattsarin da ake jerawa su zama tituna da koguna, waɗannan daga wata saba suke fitowa kuma wani ne yake biyan kuɗin sabar. Na uku shi ne jiyokodin, ka ba da adireshi a mayar maka da lambobi, ko ka ba da lambobi a mayar maka da adireshi. Google yana sayar maka da ukun a ɗaure, shi ya sa mutane suke ɗauka abu ɗaya ne, alhali a wajen Google za ka iya ɗaukar laburare nan, tayil can, jiyokodin a wani wajen daban kuma su zauna lafiya.

Toh Google Maps. Ba sai an yi ta yabonsa ba, tun 2005 yake kuma kowa ya saba da kamanninsa, mai ziyartar shafinka ba sai ka koya masa komai ba. Inda ya fi kowa a gaskiya shi ne bayanan wuraren kasuwanci, sunan shago, lokacin buɗewa da rufewa, hotuna, ra'ayoyin mutane, ga Street View, ga cunkoson hanya na lokacin. Sannan jiyokodin ɗinsa yana da haƙuri da rubutun mutane, ka rubuta adireshi a karkace da kuskuren harafi da komai sai ka ga ya lalubo abin da kake nufi. In aikinka na neman gidan abinci ne ko otal ko wani abu da ya dogara da sunayen wurare, maganar gaskiya da wuya ka samu wanda zai kamo shi.

Matsalar tana waje biyu. Na farko kuɗi. A 2018 ne suka sauya tsari gaba ɗaya, ya zama dole sai da makullin API, wato lambar shaidar da shafinka yake nunawa duk lokacin da ya nemi wani abu a sabarsu, da asusun biya mai katin banki, suka riƙa ba da dala 200 kyauta duk wata, a lokacin shafuka da yawa suka wayi gari taswirarsu ta yi duhu da rubutu a kai don ba su saka kati ba. Daga 1 ga Maris 2025 kuma suka cire dala 200 ɗin suka koma ba kowane sabis nasa kason kyautar daban, na matakin ƙasa kira 10,000 a wata, na tsakiya 5,000, na sama 1,000, kira kuma shi ne duk buƙata ɗaya da shafinka ya aika wa sabarsu. Bayan ka cinye kyautar, buɗe taswira mai motsi dala 7 ne duk dubu, jiyokodin dala 5 duk dubu, taswirar hoto wadda ba ta motsi dala 2. Ka ɗauka shafinka ana buɗe taswirarsa sau 100,000 a wata, ka cire 10,000 na kyauta saura 90,000, dala 630 kenan a wata a kan taswira kawai ba a zo maganar bincike ba. Kuma farashin nan yana sauyawa, kar ka yi lissafi da abin da ka karanta a wani waje har da nan, ka buɗe shafinsu ranar da za ka yanke shawara.

Na biyun shi ne wanda na fara da shi kuma shi ya fi cizo. Ƙa'idar Google ta gama-gari ita ce lambobin da ka samo daga jiyokodin ɗinsu kwana 30 za ka riƙe su sannan ka goge, abin da aka yarda ka ajiye har abada shi ne place ID, wato wata lambar shaida ta wurin wadda in kana son lambobin kuma sai ka sake komawa wajensu da ita. Sannan ba a yarda ka ɗauki sakamakonsu ka ɗora a kan taswirar da ba tasu ba, kenan ka yi jiyokodin da Google ka nuna a Leaflet da tayil ɗin OpenStreetMap ka karya sharaɗi, kuma wallahi mutane da yawa suna yin hakan ba su ma sani ba don kod ɗin yana aiki lafiya lau ba abin da zai hana shi. Toh ka ga in kana gina rumbun adireshin kwastomomi dubu hamsin da kake son ka riƙa lissafin nisa a kansu a PostGIS, wato manhajar rumbun bayanai mai lissafin wurare, shekara da shekaru, ka zama kamar ɗan haya ne da ya yi gini a filin mai gida, ranar da za ka tashi ba abin da za ka ɗauka.

Wani abu da ake mantawa, in abin da kake so kawai shi ne ka nuna inda ofis yake a shafin tuntuɓa, ba ka buƙatar duk wannan. Akwai Maps Embed API na Google wanda iframe ne kawai, wato 'yar tagar da take nuno wani shafi a cikin naka, kuma kyauta ne, ka liƙa ka wuce abinka.

Mapbox shi kuma ƙarfinsa a kyau ne da iko a kan kamannin taswira. Da Mapbox Studio za ka sauya launin komai, ka ɓoye titunan da ba ka so, ka sa rubutun ya dace da shafinka, kuma tayil ɗinsa na bekta ne wato bayanai ake turowa buroza ta zana da kanta, shi ya sa juyawa da karkatawa da zuƙowa suke tafiya sumul ba tsalle-tsalle. Kyautarsa ma ta fi yawa, buɗe taswira 50,000 a wata sannan dala 5 duk dubu, wancan misalin na 100,000 zai tsaya maka a dala 250. Jiyokodin kuma sun raba shi gida biyu kuma ni na fi son yadda suka fito fili da abin: akwai na wucin gadi mai kyautar kira 100,000 a wata wanda ba a yarda ka ajiye sakamakonsa ba, akwai kuma na dindindin wanda za ka ajiye amma dala 5 ne duk dubu kuma ba kyauta a ciki. Aƙalla ka san abin da kake saya.

Sai dai akwai tarihin da ya kamata ka sani. Laburarensu Mapbox GL JS da can buɗaɗɗe ne kowa ya ɗauka, a Disamba 2020 da suka fitar da na 2 sai suka rufe lasisin, ya zama ko da tayil ɗin wani kake amfani sai ka saka makullinsu an ƙirga maka. Nan take masu amfani da shi suka ɗauki na ƙarshe da yake buɗe suka ci gaba da shi da sunan MapLibre GL JS, kuma yau ya tsaya da ƙafarsa har manyan kamfanoni suna tallafa masa. Amfanin sanin wannan shi ne in kamannin Mapbox kake so ba tare da ɗaure kanka da su ba, MapLibre yana nan kuma kod ɗin kusan iri ɗaya ne, sai ka sayi tayil daga MapTiler ko Stadia Maps ko wani.

Yanzu OpenStreetMap, wanda nan ne aka fi samun rashin fahimta. Steve Coast ne ya fara shi a Ingila a 2004, masu sa kai ne suke zana shi, kuma tun 2012 bayanansa suna ƙarƙashin lasisin ODbL, ka ɗauka ka yi kasuwanci da shi ba wanda zai ce maka kanzil in dai ka rubuta a jikin taswirar cewa daga masu ba da gudummawar OpenStreetMap ne, in kuma ka gauraya bayanan da naka ka fitar da sabon rumbu ga jama'a akwai sharaɗin rabawa da ya kamata ka karanta da kyau. Amma fa bayanan ne kyauta, sabar ba taka ba ce. Wancan adireshin tayil ɗin da kake gani a kusan duk darasin Leaflet na sabar gidauniyar OpenStreetMap ne wadda take tafiya da gudummawa, ba su yi maka alkawarin komai ba, kuma in ka yi musu nauyi za su toshe ka ba sanarwa. Don gwaji ko ƙaramin shafi ba laifi, amma ka ɗora kasuwanci a kai ganganci ne.

Haka Nominatim, wanda shi ne jiyokodin ɗin OpenStreetMap. Na jama'a da ke kan sabarsu dokarsa a rubuce take: kira ɗaya a daƙiƙa shi ne iyaka, dole manhajarka ta bayyana kanta a User-Agent ko Referer, wato bayanan da suke tafiya da kowane kira suna faɗin daga inda ya fito, ka ajiye sakamako kar ka riƙa maimaita tambaya ɗaya, sannan an hana amfani da shi wajen cike-da-kanka, wato akwatin nan da yake kawo shawara kana cikin rubutu. Adireshi 100,000 a kira ɗaya duk daƙiƙa kusan awa 28 kenan, kuma ba ma sa son irin wannan jibgin. Sannan kuma Nominatim yana son adireshi a tsare, in an yi kuskuren harafi sau da yawa sai ya dawo hannu rabbana inda Google zai yi hasashe. Don cike-da-kanka a kan bayanan OpenStreetMap akwai Photon na kamfanin komoot, akwai kuma Pelias wanda Mapzen suka fara kafin su rufe a farkon 2018, yanzu Geocode Earth suna sayar da shi a shirye.

Za ka iya ɗora Nominatim a sabarka, a nan ba iyaka ba mai ƙirga maka. In ƙasa ɗaya ko biyu kake buƙata sai ka sauke yankinsu daga Geofabrik, kamfanin da yake raba bayanan OpenStreetMap ƙasa-ƙasa, saba matsakaiciya ta isa. In duniya gaba ɗaya ce kuwa ka shirya faifai mai sauri na wajen terabayit 1 da RAM mai yawan gaske da kwanaki ana lodi, sannan sabuntawa kullum a wuyanka take. Mutane suna cewa kyauta ne, eh kyauta ne in lokacinka ba shi da daraja. Tayil kuwa abin ya yi sauƙi yanzu saboda PMTiles na Protomaps, duk taswirar fayil ɗaya ce ka ajiye a ma'ajiyar gajimare buroza ta riƙa yankar abin da take buƙata, ba sabar tayil ba komai, ga wanda yake da baƙi da yawa wannan yana karya kuɗi ƙwarai.

Tsakanin ka biya Google da ka zama mai gadin saba akwai 'yan tsakiya waɗanda ni a ganina su suka fi dacewa da yawancin ƙananan ayyuka, irin su OpenCage da LocationIQ da Geoapify. Buɗaɗɗun bayanai suke tattarawa su ba ka API mai tsafta, suna da matakin gwaji na 'yan dubbai a rana, kuma babban abin shi ne da yake tushen bayanan buɗaɗɗe ne sharuɗɗan ajiya sun fi sauƙi, OpenCage ma a fili suka ce ka ajiye sakamako har abada ka nuna a kan duk taswirar da ka ga dama. Abin da ka rasa shi ne zurfin bayanan shaguna da wancan hasashen na Google.

Akwai wasu kamfanonin taswira biyu, HERE da TomTom, ba zan daɗe a kansu ba. Dukansu daga duniyar motoci suka fito, HERE na Nokia ne kafin Audi da BMW da Daimler su saye shi a 2015, TomTom kuma na Holan ne, in aikinka na manyan motocin kaya ne da ake duba tsayin gada da nauyin da hanya take ɗauka da tsara zagayen direbobi to ka leƙa su kafin kowa. Wanda kuma ya ci karo da tsohon darasin Bing Maps ya wuce kawai, Microsoft suna rufe shi, asusun kyauta sun tsaya a ƙarshen Yuni 2025 na kamfanoni kuma zuwa 2028, Azure Maps ne magajinsa. In kayanka duk a AWS suke, wato gajimaren Amazon, akwai Amazon Location Service, ba wai ya fi sauran ba ne, bil ɗin ne dai zai zo waje ɗaya.

Maganar inganci kuwa kar ka yarda da tallan kowa har da nawa, don ingancin jiyokodin ya danganta da wurin. Akwai garuruwan da masu sa kai suka zana OpenStreetMap har da bencin lambu da hanyar keke ya fi na kowa, akwai kuma inda tituna suke amma lambobin gidaje babu ko ɗaya. Abin yi shi ne ka ɗebo adireshi ɗari ko ɗari biyu na gaske daga irin waɗanda masu amfani da shafinka za su rubuta, da munanan ciki har da masu kuskure, ka tura wa kamfani uku ka zuba sakamakon a taswira ka duba da idonka. Kuma kar ka tsaya a kan ya dawo da amsa ko bai dawo ba, ka duba wace irin amsa ce. Google misali yana saka location_type a sakamakonsa, in ka ga ROOFTOP ginin ne da kansa, RANGE_INTERPOLATED hasashe ne tsakanin lambobi biyu a titi, APPROXIMATE kuma yana iya zama tsakiyar gari ne kawai ya jefa maka. Mai kai kaya da aka tura tsakiyar gari a matsayin ƙofar gida ba zai gode maka ba. A wuraren da adireshi ba shi da tsari ma gaba ɗaya, dabarar da ta fi ita ce ka bar mutum ya ja alama da yatsansa ya ajiye a inda yake, ko ka nemi izinin wurinsa ta Geolocation API na buroza wanda kyauta ne amma sai shafin yana kan HTTPS, kuma lambobin da mutum ya ba ka da hannunsa naka ne ba na wani kamfani ba. Plus Codes ma, wato gajerun lambobin da suke tsayawa a madadin adireshin wuri, suna taimakawa a nan tunda tsarinsu buɗaɗɗe ne ana lissafa su ba tare da kiran kowa ba.

Ko wanne ka ɗauka akwai ramuka biyu uku da kusan kowa yake faɗawa. Jerin lambobi: Leaflet da Google latitud suke sa wa farko, Mapbox da MapLibre da GeoJSON, wato tsarin fayil na bayanan taswira, kuma longitud ne farko. Paris tana 48.8566 da 2.3522, ka juya su sai alamarka ta faɗa tekun Indiya gabas da Somaliya kuma ba wani saƙon kuskure da zai fito, in kuma ka ga alamomi sun taru a teku kudu da Gana to jiyokodin ne ya gaza kod ɗinka ya ajiye 0 da 0. Sai akwatin cike-da-kanka, in ba ka yi hankali ba kowane harafi kira ɗaya ne, mutum ya rubuta harafi 20 an caje ka sau 20, maganinsa ka jira ya rubuta harafi 3 tukuna, ka sa ɗan jinkiri na wajen milisakan 300 bayan ya daina dannawa, a Google kuma ka yi amfani da session token don a haɗa kiran a zama ɗaya. Sai makulli, wanda yake cikin kod ɗin buroza kowa yana ganinsa ba yadda za ka ɓoye, don haka ka ɗaure shi da sunan shafinka, na saba kuma ka ɗaure shi da adireshin IP, kar ka yi amfani da guda ɗaya a duka biyun. A Google Cloud kuma ka sani faɗakarwar kasafi imel kawai take turo maka ba ta tsayar da caji, abin da yake tsayarwa shi ne ka je ka saka iyakar kira ta rana a kan kowane API.

Toh in ni ne zan zaɓa, ga yadda nake kallonsa. Shafin da rayuwarsa take kan neman wuraren kasuwanci da Street View, Google ne, ka biya ka bi sharaɗinsu ka ajiye place ID shikenan. Shafin da taswirar ita ce kwalliyarsa ko ake zuba bayanai masu yawa a kai, Mapbox in kana son komai a shirye, MapLibre da tayil na haya in kana son ƙofar fita a buɗe. 'Yan alamomi goma ko ɗari a kan taswira mai sauƙi, Leaflet ya isa har ya yi yawa, nauyinsa wajen kilobayit 42 ne kuma yana tashi a tsohuwar waya ba wahala. Duk aikin da lambobin za su zauna a rumbunka kuwa, na kai kaya ne ko na gidaje ko na nazari, ka ɗauki mai ba ka izinin ajiya a rubuce, ko OpenCage da ire-irensa ko na dindindin na Mapbox ko Nominatim naka na kanka, ka yi jiyokodin sau ɗaya lokacin da aka shigar da adireshin ba duk lokacin da aka buɗe shafi ba. Kuma ka sa kiran jiyokodin ɗin a bayan wani ƙaramin aiki guda ɗaya a sabarka wanda yake karɓar adireshi ya mayar da latitud da longitud da matakin daidaito da sunan wanda ya ba da amsar, don ranar da wani ya sake sauya farashi irin na 2018 da 2025 fayil ɗaya za ka taɓa, kuma za ka san layukan da ya kamata ka goge a rumbun da waɗanda kake da ikon riƙewa.